Da wace tiya ake auna talaka?

Akwai wani tela a layinmu, can wajen Ƙofar Marusa, wanda kekensa ba ya hutawa daga tsakiyar azumi har daren salla, daga nan kuma sai ya shafe wata biyu yana korar ƙuda a shago. Cikin daminar da ta wuce ya tare ni bayan la'asar, riƙe da takardar magani da ya ninke huɗu. Ɗiyarsa ce zazzaɓi ya kayar. Ya kai ta asibitin mazaɓa, aka rubuta mashi magani aka ce ya je ya sayo. A gabansa kuwa wata mata ta miƙa katin inshorar lafiya, aka duba sunanta cikin wani babban littafi, aka ƙirga mata nata maganin ba ta ba da ko sisi ba. Abin da ya fi ci mashi rai shi ne ya san matar, ya san mijinta, kuma mijin yana da babur ɗin haya nasa na kansa.

"Malam, don Allah, nawa ne mutum zai riƙa samu a wata kafin a ce mashi talaka a ba shi katin nan? In dai lissafi ne, ni ma in kawo nawa."

Tambayar tasa tana kan hanya, sai dai amsar da yake nema, wato adadi guda na kuɗi wanda duk wanda ke ƙasa da shi ya shiga, ba a nan ƙasar ake ba da ita ba. A Amurka ake yin haka, kuma sai an ga yadda nasu yake tafiya za a gane abin da ya sa namu ya ɗauki wata hanya daban.

Can suna da shirin da ake kira Medicaid, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965 domin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi. Kowace shekara gwamnatin tarayyarsu tana fitar da ma'aunin talauci gwargwadon yawan mutanen gida. A 2025 ma'aunin ya kama dala 15,650 a shekara ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta buɗe wa baligi ƙofa in dai samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na wannan ma'auni ba, wato dala 21,597 ga gwauro, dala 44,367 ga mai mutum huɗu. Kada wani ya ɗauki waya ya fara juya wannan zuwa naira yana salati. Kuɗin haya da na asibiti a can ba su bar wa mai irin wannan samu komai ba.

Abin lura a tsarin nasu guda biyu ne. Na farko, hukuma tana da hanyar ganin samun mutum: takardar albashi, takardar haraji, bayanan da mai ba shi aiki ya tura. Na biyu, kuma shi ne babba, wanda ya faɗo ƙarƙashin layin ya samu haƙƙi. Ba a ce mashi gurbi ya cika. In mutane suka ƙaru, kasafin ne ke ƙaruwa. Ba kuma aljanna ba ce, don a 2012 Kotun Ƙolinsu ta ce ba za a tilasta wa jihohi wannan faɗaɗawa ba. Jihohi 40 da babban birnin ƙasar sun karɓa, sauran sun ƙi. A jiha irin Tekzas, baligi lafiyayye marar 'ya'ya ba ya samun Medicaid ko da aljihunsa ya fi na telanmu bushewa.

To a dawo gida. Wa zai faɗi abin da telan nan ke samu a wata? Shi kansa bai sani ba. Watan salla yana iya kama abin da ya fi albashin malamin firamare sau biyu, watan Safar kuma sai bashin mai shago. Manomin da ke bayan Daura ya fi shi wuyar lissafi. Samunsa na shekara yana zuwa sau ɗaya da kaka, kuma ba naira ba ce, damman gero ne da buhun wake da 'yar gyaɗa, sai tunkiyar da uwargida ke kiwo, sai ɗan abin da yaro ya turo daga cirani. Ka iske shi a watan Nuwamba rumbu cike, ka rubuta shi mai hali. Ka koma a watan Agusta, lokacin da rumbun ya koma sai ƙaiƙayi, kuma daidai lokacin da sauro ke kwantar da yara gida-gida, ka iske wani mutum daban. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba su da takardar albashi. Ma'aunin da ya dogara da takarda ba zai auna su ba.

Ita kanta Hukumar Ƙididdigar, da ta tashi auna talauci a bincikenta na 2018 zuwa 2019, ba samu ta tambaya ba, abin da gida ke ci da abin da yake kashewa ta bi. Ta tsayar da layi a kan naira 137,430 ga kowane mutum a shekara, kusan naira 376 ke nan a rana. Da wannan ta ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, suna cikin talauci, a jihar Katsina kuwa abin ya haura kashi 56. Yau naira 376 ko koko da ƙosai ba ta kai wa mutum da daɗi. Ga wani lissafi mai sauƙi: ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, in yana ciyar da mutum takwas har da shi, kowa ya tashi da naira 8,750 a wata, 105,000 a shekara. Bai kai layin 2019 ba, tun ma kafin a yi maganar cire tallafin mai da faɗuwar naira. Da za a ja layi irin na Amurka a Katsina, masu tsallake shi su ne za su zama 'yan tsiraru.

Shi ya sa dokokinmu suka kauce wa adadi suka kama rukuni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ce a riƙa zuba mashi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Yadda dokar ta raba shi, rabi na biya wa mutane inshora ne, kashi 45 na magunguna da gyaran asibitocin matakin farko da ma'aikatansu, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware mashi kuɗi, naira biliyan 55 da ɗoriya. Daga baya, a watan Mayun 2022, marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, zuwa NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni. Waɗanda dokar ta kira masu rauni su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da matalauta. A jihar nan ta Katsina hukumar inshorar lafiya ta jiha, KTSCHMA, wadda aka kafa zamanin Aminu Bello Masari, ita ke rajistar mutane tana haɗa su da asibiti, bisa tsarin nan na asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa. Mazaɓun jihar 361 ne a ƙananan hukumomi 34.

Huɗun farko na rukunan nan ido na ganinsu. Ciki ba ya ɓuya, yaro ɗan shekara uku ba sai an kawo shaida ba. Na biyar ɗin ne ya bar baya da ƙura, domin dokar ta ambaci matalauci amma ba ta sa mashi adadin naira ba.

Abin dariya, malamanmu na zaure sun daɗe da yin wannan aiki. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a nan, an bambanta faƙiri da miskini a babin zakka: faƙiri yana da ɗan abin hannu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Duba yadda suka ɗauki shekara a matsayin ma'auni, ba wata ba. Wanda ya tsara wannan ya san rayuwar da abinci ke shigowa sau ɗaya sannan a yi ta tsakura. A ganina wannan ma'auni ya fi dacewa da manomin Daura da telan Ƙofar Marusa fiye da duk wani fam da ke tambayar "nawa kake samu a wata".

Hanyar da gwamnati ta bi ita ce kundin sunayen matalauta na ƙasa, wanda NASSCO, ofishin tarayya mai kula da shirye-shiryen tallafa wa talakawa, ke riƙe da shi, shi ne kuma aka yi amfani da shi wajen rabon naira 5,000 a wata na zamanin Buhari. Matakinsa biyu ne. Da fari jami'ai kan shiga gari su tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, a ce kowane rukuni ya faɗi abin da ake kira talauci a garin, sannan ya lissafo gidajen da suka faɗa ciki. A haɗa jerin sunayen a tace. Sai kuma masu ɗaukar bayanai su bi gidajen da na'ura a hannu suna tambaya: rufin ɗaki na kwano ne ko na azara ko na ciyawa, daɓen siminti ne ko ƙasa, ina ake ɗebo ruwa, wane irin bayan gida ake da shi, da me ake girki, mutum nawa ke kwana a gidan, maigida ya yi boko ko bai yi ba, akwai rediyo, akwai babur, akwai dabbobi. Kwamfuta ta ba kowace amsa maki, ta jera gidajen daga mafi talauci zuwa mai dama-dama. Wato tunda ba a iya ganin aljihu, sai a karanci gida.

Dabarar ba ta banza ba ce. Mutanen unguwa sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya, sanin da babu wata takarda da za ta ba jami'in da ya zo daga Abuja. Amma tana da ramuka, kuma duk wanda ya zauna cikin mutane ya san su.

Akwai kunya. Ina da wata goggo da mijinta ya rasu ya bar ta a gidan bulo mai rufin kwano, gidan da ya gina lokacin yana fataucin fata. Yau abin da take ci daga ƙullin daddawa da kuka yake fitowa, sai abin da muka ɗan miƙa. In ta fito biki za ka ga atamfarta a goge, ɗankwali a kafe, ba ta taɓa buɗe baki ta ce babu ba. Na taɓa ce mata, "Goggo, da an zo rubuta sunaye ki bari a sa naki." Ta dube ni ta ce, "Ni ɗin? A tsaya gaban mutane a kira sunana cikin mabarata? Allah ya rufa mani asiri, kai kuma za ka tone." A taron gari ba wanda zai ambace ta, don ambaton nata cin fuska ne. In ma an ambace ta, na'ura za ta ga kwano da siminti ta ɗaga ta sama. Irin goggo suna da yawa a cikin birni, kuma su ne hawan jini da ciwon suga ke ci a ɓoye, suna sayen maganin kwana uku su huta na kwana goma.

Akwai kuma tsufan kundi. Sunan da aka rubuta shekara biyar da suka wuce yana nan, ko mai shi ya samu buɗi ko ya rasu. Wanda kuma ya talauce bayan an wuce garinsu ba ya ciki. A jihar nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin Batsari ko Safana ko Jibiya da ke da shanu talatin da gona, 'yan bindiga suka kore shanun, ya sayar da gonar ya biya kuɗin fansa, ya dawo Katsina yana kwana a kangon da ba a gama ginawa ba, lokacin da aka yi rajista mai arziki ne. Mazaɓar da ya baro ba ya iya komawa, wadda ya sauka kuma ba ta san shi ba. Sai kuma maganar lambar NIN da yanzu kusan kowane shirin gwamnati ke nema, alhali tsohuwar da ta fi kowa buƙatar katin ita ce ba ta taɓa zuwa an ɗauki hoton yatsunta ba.

Na uku kowa ya san shi, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Duk inda aka ce a kawo sunaye, wanda ke kusa da mai rubutu ya riga na nesa.

Sai dai ko da mala'iku ne suka rubuta kundin, telanmu yana iya rasa kati, kuma nan ne ainihin bambancinmu da Amurka. A shekarun farko na asusun BHCPF, kuɗin inshorar da ake biya wa mutum ɗaya naira 12,000 ne a shekara. Ɗauki rabin biliyan 55 ɗin nan na 2018, a ce an sake su duka, ka raba da 12,000. Za ka samu mutum miliyan biyu da dubu ɗari uku, ko kusa da haka. Ranar da Buhari ya sa hannu a dokar 2022, matalauta miliyan 83 aka ambata. Cikin kowane ɗari, ko uku ba a kai ba. In ka watsa wannan adadi a mazaɓu 8,809 na ƙasar nan, kowace ta tashi da mutum 260 ko kusa da haka, a mazaɓar da masu ciki da yara ƙanana kaɗai sun ninka haka sau da yawa. Biya wa miliyan 83 a wancan farashi kuwa sai an kusa naira tiriliyan guda kowace shekara. Kuɗin asusun sun ƙaru daga baya, jihohi ma ana sa ran su zuba nasu kason, amma farashin magani bai tsaya jiran kowa ba.

Saboda haka cancanta a nan tana sa mutum cikin layi ne kawai. Abin da ke ba shi kati gurbi ne, gurbi kuma kuɗin da suka iso ne ke yanke yawansa. Matar mai babur da telan ya gani, mai yiwuwa lokacin da aka zo rajista tana da ciki ko tana goyo, ta shiga ta ƙofar rukuni, ba wanda ya tambayi abin da babur ke kawowa. Ba lalle an yi mashi maguɗi ba. Ya dai zo bayan an rufe littafi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki hanya mafi gajarta. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadu, suka ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar magani kyauta ne a asibitin gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa, ba tambayar samu, ba kundi. Wannan ya kashe maganar wa ka sani. Matsalar da suka ci karo da ita ita ce gwamnati na jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, sai a wayi gari magani kyauta ne amma kantar babu komai. Duk da haka ni na fi karkata ga irin wannan a wurin da talaka ya fi rabin jama'a. Kuɗin da za a kashe wajen tace wa ya fi wa talauci tsakanin gidaje biyu da duk ba su ci nama ba tun layya, gara a sa su a magani. In ɗiyar mai hali ta ci arzikin tsarin, asarar kaɗan ce, don mai halin gaske ba ya bin layin asibitin mazaɓa. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ma kama rukuni ne da ido ke gani.

Wani gefen da ba a cika faɗa ba shi ne na ma'aikacin gwamnati. Shi ba a tambayar talaucinsa, daga albashi ake cira. Amma tsarin tarayya na ma'aikata ya ɗauki mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da ɗiya tara sai ya zauna ya zaɓi waɗanda za a rubuta, ko ya biya ƙari a kan sauran. Wanda ya san gidan kishiyoyi ya san wannan zaɓi ba a yinsa cikin kwanciyar hankali. Waɗanda suka rage a waje kuma kundin matalauta ba zai kalle su ba, tunda ubansu ma'aikaci ne.

Na yi wa telan wannan bayani a taƙaice, muna tsaye bakin masallaci. Na ce mashi ya fara da shugaban asibitin mazaɓarsu da kwamitin ci gaban mazaɓa, ya ji yaushe za a sake buɗe rajista, ya tabbata kowa a gidansa yana da NIN kafin ranar. Na kuma gaya mashi akwai tsarin masu sana'ar hannu a hukumar jiha, wanda mutum ke biya wa kansa na shekara, kamar adashe ne sai dai wanda ciwo ya kama shi ke kwasa. Irinsa in zai shiga, to satin salla ya kamata ya biya, kafin kuɗin ɗinki su bi ta hannun mai shinkafa.

Ya yi shiru yana juya takardar maganin. Can ya ce, "To Malam, ita uwar ɗiyan ai tana da ciki wata huɗu."

Na ce to ita ta shiga rukuni, ta je awo ta tambaya a can.

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ashe cikin ne katin! Ni da na zo da lissafin ɗinki." Ya cusa takardar cikin aljihun gaban riga, ya ce bari ya leƙa kemis kafin a rufe, ya ji ko za su yarda ya biya rabi yau, rabi ran Juma'a.